Sifana Mai Ƙyalli Da Notin Baƙin Mai

Duk magidancin da ya mallaki mota, ko da akwala ce, akwai ranar da zuciya za ta raya masa cewa shi ma bakanike ne. Ni tawa ranar ta faɗo a tsakiyar wata, albashi ya ƙare wani bai ƙaraso ba, ga tsohuwar Corolla ɗina tana neman juyen baƙin mai. Na zauna na yi lissafi: wai mene ne a juyen mai? A kwance noti ɗaya, mai ya tsiyaye, a ɗaure, a zuba sabo. Kan wannan zan riƙa biyan kuɗin aiki, har da na shan ruwan yaran gareji? Sifana kawai na rasa.

Allah da ikonsa, sai ga ta har tagar mota. Muna cikin cunkoso wani saurayi mai talla ya warware mini jar jakar leda: sifanu reras daga lamba 6 har 32, kowace baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe, ɗayan zobe, irin wadda kanikawa ke kira kwambineshan. Sai ɗaukar ido suke. Ya ce, "Alhaji, 'yar Jamus ce, duba ka gani." Na duba, lallai an buga sunan Jamus da Turanci a jikin kowace, sai dai harafi ɗaya babu. Na ce a raina, tafiyar da nisa, dole wani abu ya faɗi a hanya. Kuɗin da ya yanka ko kaza ba za su saya ba. Na taya rabi, ya sallama tun ban rufe baki ba, na taho gida ina yaba wa kaina iya ciniki.

Ranar Asabar da hantsi na ɗaga mota da jak, na shimfiɗa kwali, na jawo roba na tara. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Abba, ba dai robar wankina ba ce?" Na ce mata yau za ta ga yadda ake tattalin kuɗi.

Notin baƙin mai na Corolla lamba 14 ne. Na sa masa buɗaɗɗen baki, na ji sifanar tana ɗan wasa a kansa, na ce ai sabuwa ce, ba su saba da juna ba. Na yi bisimilla na danna da ƙarfina duka. Wani abu ya motsa, amma ba notin ba ne. Bakin sifanar ne ya wangale, ta zame, hannuna ya wuce da gudu ya gaisa da ƙarfen ƙasan mota. Abin da na faɗa a wannan lokaci ba zai rubutu ba, amma ladaninmu da ke wucewa sai da ya yi salati. Na juya ɓangaren zobe. Shi kuma ya zagaya lafiya lau, notin yana nan inda yake, farin fentin sifanar yana ɓarewa yana shiga mini ƙarƙashin farce.

Kafin ka ce kwabo 'yan majalisar ƙofar gida sun kewaye mota, ina ganin takalmansu ina jin fatawa. Wani tsohon direban Fijo ya rantse lamba 13 ce maganin kowane noti, a buga ta da guduma ta shiga. Wani ya ruga gida ya ɗauko ta gadon mahaifinsa, mai lambar inci, 9/16. Ita kuwa ta ɗara milimita 14 da kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ne ya ƙarasa abin da tawa ta fara. Na uku ya kawo filaya. Zuwa azahar, noti mai kusurwa shida ya koma mulmulalle kamar ƙwallon goruba.

Dole na kira bakaniken da nake gudu. Ya zo a babur da yaronsa, ya leƙa ƙasa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Na ce yara ne. Abba ya buɗe baki zai yi magana, na aike shi sayen ruwan leda. Sai da aka nemo mai walda ya liƙa wani noti a kan mulmulallen kafin ya kwantu. Yana kwantuwa mai ya ɓalle, sai a lokacin muka lura uwargida ta daɗe da janye robarta. Tabon yana nan a ƙofar gida, da shi ake yi wa baƙi kwatance.

Bakaniken ya ɗauki lamba 14 ɗina ya jujjuya, ya ce, "Wannan ai ta ado ce, a rataye a falo." Na ce an rubuta Cr-V a jiki fa. Ya ce rubutu ba ya tsada. Sifanar kirki da gaurayen ƙarfe mai kuromiyam da banadiyam ake yin ta, a buga ta da zafi a inji, a gasa ta daidai yadda ba za ta lanƙwashe ba kuma ba za ta karye ba. Ta banza kuwa ƙarfe ne mai laushi aka shafa wa ƙyalli. Araha ba ta ado, in ji shi, ya miƙo hannu na biya kuɗin aiki, da na walda, da na sabon noti.

Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya ce in same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa. Can na ga yadda masu sana'a ke sayayya. Ya zo da sababbin notuna a aljihu. Duk sifanar da aka miƙo sai ya zura mata noti ya girgiza. In ya ji ƙas-ƙas ya mayar, ko kallon mai shagon ba ya yi. Ta ƙwarai tana shiga ne cif, ba tauri ba wasa. Ya duba cikin zoben ko haƙoran sun fita tas kuma ramin yana tsakiya, ya shafa gefen da yatsa ko akwai kaifin da zai ci tafin hannu. Wata ma ya sake ta a kan siminti ya kasa kunne, wai ƙarar ƙarfen kirki daban take. Wannan gwajin dai kunnena bai kai ba.

Ya kuma hana ni sayen jeri mai yawa. Motar Japan, in ji shi, 8, 10, 12, 14, 17 da 19 take ci; lamba 13 ta motocin Turai ce, irin Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shi ya sa tsohon direban nan ba ya ganin kowa sai ita. Lamba 32 kuwa sai in na sayi tirela. Daga cikin tarin kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai ya tono mini guda shida, duk sun dushe, wasu Gedore, kamfanin garin Remscheid na Jamus da aka kafa a 1919, wasu Hazet na wannan garin dai. Ya ce su ma ana buga jabunsu, don haka noti ne shaida, ba suna ba. Indiya da Taiwan suna yin masu kyau, Sin kuma tana ƙera maka daidai aljihunka. Tsofaffin nan shida sun ci kuɗin jar jakata ninki-ba-ninki, na biya ina cije leɓe.

A hanya ya ƙara mini karatu kyauta: noti mai tauri da zobe ake fara karya shi, don zobe ya kama kusurwa shida, buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai yake taɓawa. Bakin nan an karkatar da shi digiri 15 ne don a lungu ka riƙa kifa sifanar kana samun wurin ja. Kuma jawowa ake yi, ba turawa ba, sai in mutum ya gaji da fatar yatsunsa.

Yanzu ina da sifanu na gani na faɗa, juyen mai kuma a gareji ake yi mini, saboda uwargida ta kafa doka. Amfaninsu ya koma kan unguwa: mai janareto ya aro, mai keke ya aro, mai gyaran gado ya aro. Biyar suna dawowa. Lamba 10, wadda da ita ake kwance kan batir, ta fita tun kafin azumi. Jar jakar kuwa tana nan cikakkiya, ko yaro bai taɓa tambayarta ba. Don Allah maƙwabcin da lamba 10 ɗina take hannunsa, ya jefo ta ta katanga bayan isha'i, ba zan tambayi suna ba.