Sai Na Je Na Auna

Wani bawan Allah ɗan Unguwar Sanusi ya je Abuja, Allah ya buɗa masa, ya dawo Kaduna da niyyar raba matasan unguwarsu da zaman kashe wando. Niyya kam kyakkyawa ce, ba mai ja. Ya sayo kekunan ɗinki masu aiki da lantarki, ya kama zauren taro a otal, aka yi mako biyu ana koyarwa, aka raba satifiket, aka ɗauki hoto. Sunayen waɗanda za su amfana kuwa yaronsa ne ya rubuto su a cikin mota.

Mai unguwa a rediyo ya ji labari. Telolin Kasuwar Barci, waɗanda suka san wane ɗinki ke tafiya da kuma wata nawa yaro ke yi kafin a ba shi almakashi, babu wanda ya leƙa rumfarsu. Su kansu yaran ba a tambaye su ko ɗinkin suke so ba, balle a tuna cewa wuta sai ta ga dama take zuwa. Kafin babbar sallah kekunan sun koma kasuwa a rabin kuɗi. Alhaji ya yi ta faɗa a majalisa: yaran yanzu ba sa son wahala.

Ba shi ya fara ba, gwamnati ma ta yi irin waɗannan shirye-shirye. An yi NAPEP a 2001, yau sunanta a jikin keke mai ƙafa uku kawai ya saura. An yi SURE-P a 2012, an yi N-Power a 2016.

Ana nan, sai Alhaji ya tashi yin ƙofar ƙarfe a sabon gidansa, ya nufi kasuwar Panteka. Can ya tarar da ɗaya daga cikin yaran hotonsa, tabarau a ido, yana walda, gumi har ƙirji. Ogan yaron, dattijo mai furfura, ya ba Alhaji benci.

"Wannan ai na ba shi keke," in ji Alhaji.

"Haka ya faɗa mini, ranka ya daɗe. Kuɗin keken ya sayi kayan aiki da su. Mahaifinsa ne ya kawo shi da kansa, muka yi magana, ƙungiyarmu ta rubuta sunansa. In ya yi fashi kwana biyu, gidansu zan aika."

Dattijon ya ƙara da cewa ko malaman Kaduna Polytechnic, maƙwabtansu, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE, da suka so a riƙa ba yaran Panteka takardar shaidar ƙwarewa, takowa suka yi har cikin kasuwar. Ɗaya daga cikinsu, Farfesa Idris Bugaje, da kansa ya zauna da shugabannin masu sana'a. (Farfesa guda, a cikin ƙarar guduma!)

Alhaji ya duba agogo, ya ce a bar wannan, nawa ne ƙofa?

"Sai na je na auna, Alhaji."

"Wane awo kuma? Ƙofa ai ƙofa ce. Ka yi babba mai kyau, kuɗi ba matsala ba ne."

"Allah ya ƙara arziki. Amma ni ban taɓa yanka ƙarfe ban ga bangon da zai riƙe shi ba. Har maigadin da zai riƙa tura ta nakan tambaya."

Alhaji ya ce sauri yake yi, direba zai turo awon ta waya.

"To, a biya ni duka yanzu," in ji dattijon. "In ba ta shiga ba, kada a ce yarana ne ba su iya aiki ba."