Dutsen da muke jefa wa kifi

Mu a Waca ba a koya mana ruwa. Yaro ma in ya kurɓi na rijiya zai gaya maka wannan zartsi ne, wancan na daɗi ne. A ƙasar Korama muke, ƙasar rake da kanwa, kuma kowace uwar gida ta san ɗan ɓarin kanwa ya isa ya juya tukunyar wake guda. To me ya sa in aka zo kan kifi sai mu manta?

Ku dubi abin da muke yi. Damina ta ja baya, yara sun kamo ƙananan ƙarfasa ko 'yar tarwada a tafki, an zuba a kwalba. Sai ka ji ana "Yaya, samo mana duwatsu masu kyau!" A kwaso farin dutse, a haɗa da katantanwa da ɓallin siminti, a wanke da Omo don ya yi fes. Bayan kwana kaɗan kifi ya juya ciki sama, mu ce kwanansa ne ya ƙare. Ai ruwa ba ya tsami banza, malam.

Yanzu kuma samarinmu na kallon kifin ado a waya, wanda ake kira beta, mai jela kamar mayafin amarya, ja ko shuɗi. Asalinsa ƙasar Tailan ne, cikin gonakin shinkafa da ƙananan kududdufai. Yana leƙowa sama ya shaƙi iska yadda tarwadarmu ke yi, kuma maza biyu ba sa zama gida ɗaya sai faɗa. Ruwa mai ɗumi yake so, wajen digiri 24 zuwa 28, wanda bai cika kanwa ba. Duk mai niyyar sayo shi daga birni, ya fara sanin dutse tukuna.

Gwajin a ɗakin girki yake. Ka goge dutsen ya bushe, ka matsa masa lemun tsami, ka kai ido kusa. In ka ga ƙananan kumfa na tasowa, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa narkewa sannu a hankali yana sauya ruwan. A ajiye shi gefe. Katantanwa ma haka take, siminti kuwa ya fi su ɓarna. Marmara mai ɓarɓashi tana jan ruwa ta dagula shi. Mai fenti da mai tsatsa da mai ƙyallin ƙarfe, kyan ɗan maciji ne.

Sai kaifi. Ka ari tsohon mayafi marar kauri wajen Inna, ka ja shi a kan dutsen. In zare ya maƙale, haka zai tsage jelar kifin, kuma ta wurin tsagar ciwo ke shiga. Abin nema shi ne tsakuwar ƙanƙara wadda ruwa ya gama gogewa, ta yi sumul a tafin hannu.

Wanki kuma ba sabulu, ba Omo. Buroshi da ruwan zafi sun wadatar. Kada a ɗora dutse a wuta, wani yakan fashe. A jiƙa shi a bokiti kamar mako guda, in ruwan bai sauya launi ko wari ba, to bismilla. Wanda aka tsinto kusa da gonar da aka yi wa feshi, a bar shi inda yake.

Na san Baba zai ce, "Duk wannan a kan ɗan kifi?" I, Baba. Kaza in wuri bai yi mata ba, sai ta matsa gaba. Kifin kwalba ba shi da inda za shi, abin da muka zuba masa shi zai sha dare da rana. Mu muka tsare shi, haƙƙinsa na wuyanmu. In ba za mu iya ba, a mayar da na tafki tafki, na kanti kuma a bar wa mai kanti abinsa.