Injin Busar da Kaya a Garin Rana

Yayana ya dawo daga Ingila da injin busar da tufafi. Ya kawo shi Kano, garin da rana ke busar da zani kafin ka gama shanya na biyu. Sati uku yana aiki, ran nan aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi, sai injin ya hau ƙyafta fitila yana nuna wasu lambobi kamar mai duba.

Mai gyara ya ce, "Alhaji, a zare shi daga soket minti biyar, ƙwaƙwalwarsa ta huce." Aka zare, ba ta huce ba. Ya gwada makunnin ƙofa, ya goge ƙarafan nan biyu masu jin danshin kaya, ya kwashe audugar da ta toshe rariyar iska. Ya auna fiyus ɗin zafi da mita, lafiya lau. Da ya buɗe allon da ke sarrafa injin kuwa, bai ko ɗauki mita ba, hanci kawai ya kai. "Ƙauri, Alhaji. Sabo sai an yo oda."

Wata huɗu ke nan ana jiran oda. An fito da injin tsakar gida, matar yayana a kansa take shanya tawul, kuma yana bushewa tas.