Na Kirki Namu Ne, Na Tsiya Na Dangin Uwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Sharada bayan an tashi daga aikin dare ya san mu da fashin baƙin halin yara. Yaro ya ɗauko na ɗaya a aji, sai uban ya gyara zama, ya kurɓi shayi: "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Washegari yaron nan dai ya fasa wa ɗan maƙwabta kai da dutse, sai uban ya taɓe baki: "Wannan kam kawunnansa ya ɗebo." Kada kowa ya yi dariya, dukkanmu mun yi.

Alhali raba-daidai aka yi. Kowannenmu, daga mai gadin kamfani har mai kamfanin, daga ƙwayar halitta guda ɗaya ya faro, wadda ba ta kai ɗigon alƙalami ba. A cikinta akwai zaren gado 46, guda 23 daga uba, 23 daga uwa. Ta rabu biyu, biyu ta zama huɗu, a haka a haka har wata tara, sai ga mutum da kunnuwan kakansa. Wanda ba mu son a faɗa a majalisa shi ne, cikin ikon Allah, zaman jariri mace ko namiji ta ɓangaren uba yake zuwa. Amma maigida ya jera 'ya'ya mata biyar, sai ya fara leƙen gidajen mutane, wai uwargida "mata take haihuwa". Haba Malam, gona tana fitar da abin da ba a shuka ba?

Da an haihu kuma sai dokokinmu su tashi. Kada a danna maɗiga, wannan mun yi gaskiya, don ƙasusuwan kan ba su gama haɗewa ba sai yaro ya kusa shekara ɗaya da rabi. Sauran fa? Kada a tsallaka yaro, ba zai yi tsawo ba, kuma in ka tsallaka sai Iya ta sa ka dawo ka warware. Zazzaɓi, gudawa, amai, duk "haƙori ne", tun yana wata shida har ya jera ashirin ɗinsa, haƙori na ɗaukar laifin ruwan da muka ba shi. In ya fara famfara, a ɓoye giɓin kada ƙadangare ya gani. Sannan kada a ba shi ƙwai zai koyi sata. Ƙwan nan da aka hana mai girma, shi maigida da ya gama girma tun zamanin Shagari yake sa a soya masa uku da burodi.

Kaji kuwa ba ma yi musu wannan rowar. Sallah ta gabato, kowane gida ka ji kukan 'yan tsaki a kwali, an kunna musu gawayi a kasko don wuta ba ta da alkawari, ana auna musu dusa da magani kamar 'ya'yan sarki. Sati shida ko bakwai kazar turawa ta cika tukunya, ta Hausa kuwa tana can tana tono sai ta yi watanni. Mun san kaza kwana 21 take kwanci, mun san ranar da za a canza abinci, amma tambayi mutum watan ɗansa nawa, sai ya ce bari a tambayi uwarsa.

A wajen kajin nan ma aka raba mana gardamar gado da reno, mu ne dai ba mu lura ba. Wani Bature ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, ya nuna cewa 'ya'yan dinya suna bin duk abin da suka fara gani yana motsi bayan ƙyanƙyasa, har suka riƙa bin sa a baya kamar uwarsu, kuma yana cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 1973. Kakata ba a ba ta ko goro ba, ga shi ta shekara da shekaru tana sa wa kaza ƙwan zabi. Su fito su bi kaza ɗuu, ta yi musu tono, ta kare su daga shirwa. Ran da suka yi fiffike, sai ka gan su a kan darbejiya suna kwarmaton zabi, kaza na ƙasa tana kallon sama, ta rasa wa ta haifa.

Akwai kuma mai renon da ba ma lissafawa, unguwar kanta. Bompai tun zamanin Turawa take, Sharada da Challawa suka biyo baya, kuma an haifi yara an aurar da su a gindin katangun kamfanoninsu. Ɗan da ya tashi kusa da majemun Challawa ba ya jin warin fata, hancinsa ya saba, baƙo ne ke toshe nasa. Jaririn Sharada yana barci janareton kamfani na ruri, ranar da aka kashe shi sai ya farka yana kuka. Ruwan majema mai ɗauke da sinadarin kuromiyam ya gangara kogin Challawa, na Bompai ya bi ta Getsi ya shiga Jakara, a yi ban-ruwan lambu da shi, mu sayo latas da kabeji mu kai wa mai ciki don "ta ƙara jini". Idan yaro ya fito da laulayi, sai mu ce iska ce, ko kuma dai dangin uwa.

Girman ma a hannunmu yake. Ɗan shekara sha bakwai, in maganar neman aikin leda ce a kamfani, "ai ka girma". Ya sa baki a majalisa, "kai yaro, tashi ka ba mu wuri". Masana sun ce ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, mu kuwa gwargwadon buƙata muke nunar da ita. Namu shekarun kuma baya-baya suke tafiya. Akwai abokin aikina da muka yi kaciya rana ɗaya, a takardar rantsuwa na girme shi da shekara takwas. Jiya na tarar da shi a ƙofar gida da ɗan madubi yana shafa wa gemu baƙi, jikarsa na tsaye tana nuna masa: "Kaka, ga saura nan ta ƙasa."