Rige-rigen Gidan Gaba a Cikin Linux

Na jona na'urar GPS da allon Arduino mai CH340, na kunna kwamfuta, sai manhajata ta ce wai babu /dev/ttyUSB0. Na hure bakin waya, na canza rami, har na fara zargin mutanen ɓoye.

Ashe sammako manhajar ta yi, ta iso tun Linux bai gama raɗa wa na'urorin suna ba. Raɗin ma kamar lodin tasha: wanda ya riga zuwa shi ke da gidan gaba, na biyu ya haƙura da ttyUSB1. Gobe kuma su yi musaya.

Masana sun ce a kira su ta /dev/serial/by-id. Ni dai sleep 5 na rubuta, manhajar ta ɗan runtsa tukuna.