Kwamitin Sayen Waya

Da zarar ka furta a majalisa cewa albashi ya shigo, gobe za ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ka sauya waya, to ka naɗa wa kanka kwamiti. Kuɗin naka ne, aljihun da wayar za ta kwana naka ne, amma kai ne na ƙarshe da za a tambaya me kake so.

Shugaban kwamitin shi ne Injiniya. Bai taɓa taka ajin injiniyanci ba. Laƙabin ya bi shi ne tun ranar da ya gano cewa wayar kakarsa ba lalacewa ta yi ba, jika ne ya danna alamar jirgin sama. Kai buƙatarka ba ta wuce WhatsApp, da labaran BBC Hausa, da hoton yara ranar sallah ba. Shi kuwa tun kuna cikin adaidaita sahu ya fara yi maka jarrabawa: Helio kake so ko Snapdragon? Kuna isa shago zai fizge kwalin daga hannun mai kaya, ya juya bayansa, ya hau karatu da ƙarfi yana girgiza kai. In ya ga an rubuta RAM giga 8+8 sai ya yi murmushin mugunta, ya ce takwas ɗin ta biyu aro ce, daga ma'ajiyar wayar ake gutsuro ta. Abin da ya fi ciwo shi ne gaskiya ya faɗa. Ka nuna Tecno ya taɓe baki. Ka nuna Infinix ya ce da dama-dama. Sai an kira azahar zai tuna ya sanar da kai, da mai shago, da yaron da ke wucewa da fiya wata, cewa ai Tecno da Infinix da Itel duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ke yin su. To me muke yi a tsaye tun hantsi?

Bai gama ba. Zai danna *#06# ya gwada lambar IMEI da ta jikin kwali, duk 15 ɗin, ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka yi tari ya koma farko. Zai ƙure lasifika har maƙwabcin shago ya leƙo. Zai ɗauki hoton tafin hannunsa, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya tsura masa ido. Can sai ya yanke hukunci: wayar da ta dace da kai ita ce wadda ta ninka abin da ke aljihunka. "Mutumina, ka ɗan ƙara kaɗan ka huta." Tasa wayar kuwa gilashinta a tsage yake tun bara, an naɗe gindinta da salatif, kuma kafin ku rabu sai ya ari cajarka.

Malam Batir tambayarsa ɗaya ce: "Kwana nawa take yi?" Duk abin da bai kai 5000 mAh ba, a wurinsa kayan wasan yara ne. Ban ga laifinsa ba, don duk wanda taransifomar unguwarsu ta taɓa ƙonewa, ya koma bin layi a wurin mai caji, ya san abin da yake nufi. Har gobe yana zaman makokin Nokia 3310.

Akwai mai ƙirga idanu. Kyamara huɗu a bayan waya ta fi uku, ko da biyu daga ciki kusan ado ne. Ƙanwarsa ita ce mai gwada kyamarar gaba: in hoton ya fito da ita yadda Allah Ya yi ta, wayar ba ta da kyau.

Ɗan iPhone ba ya cewa "wayata". Ya sayi tsohuwa 'yar Landan wadda batirinta ya riga ya sha duniya, yana yawo da fawa banki da ya fi ta nauyi. Apple ya koma bakin caja irin na kowa tun iPhone 15 a 2023, amma tasa ba ta kai nan ba, don haka a gidan biki za ka ji shi yana cigiyar mai cajar iPhone da muryar da ba cajar kaɗai take nema ba. Kusa da shi ga mai cewa in ba 5G ba ba zai saya ba, alhali a garinsu sai an hau tudun bayan makaranta ake samun sabis. Alhaji kuwa bai da lokacin wannan duka: "Yaro, ba ni irin ta Alhaji wane, amma wadda ta fi ta." Kira kawai zai yi da ita, kuma ɗan autansa ne zai riƙa buɗe masa.

Duk waɗannan ina iya zama da su mu sha shayi. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai neman ɓagas. Shi ne zai ja ka gefe ya ce kada ka yi asarar kuɗinka a shago, ya san wani yaro. Wayar da yaron zai zaro daga aljihu ba kwali, ba rasit, ba caja, a kashi ɗaya bisa uku na kuɗinta, kuma hoton jaririn wani na nan a kan gilashin. Mutumin naka zai ce ai gogewa za a yi. A garin da aka sha yin jana'izar samari da aka daɓa wa wuƙa saboda wayar hannunsu, ya san sarai daga inda ta fito. Da yamma kuma shi ne kan gaba a majalisa wajen tsine wa masu ƙwacen waya, yana karanto labarin daga wayar da ya saya a hannunsu.

Saura mu, 'yan jiran dala ta sauko. Tun da aka sakar wa naira mara a 2023 muke sintiri a kasuwar. Mun san farashin kowace Redmi da kowace Samsung A fiye da yaran shago. Mukan ɗauka, mu juya, mu taya, a ce albarka, mu ce bari mu zaga mu dawo. A shagon da na fi zuwa an daina sauko mini da kwali. Ina cewa salamu alaikum, mai shagon zai amsa, ya turo mini benci da ƙafa, ya ce, "Malam, ba ta sauko ba. A kawo maka ruwa?"