Fi'ilin da Ya Hau da Ni Bene

Malaman da suka koya mana Turanci a elementare, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, sun ce mana kalmar "take" ma'anarta ɗauka, muka rubuta, muka haddace, muka ci jarrabawa da ita. Amma babu wanda ya yi mana gargaɗin cewa wannan fi'ili mai haruffa huɗu, wanda in ka gan shi a takarda sai ka yi zaton taken sarki ake nufi, da shi Bature ke wanka, da shi yake shan magani, da shi yake rantsuwar kama aiki, har jirginsa ma, in zai bar ƙasa, da shi yake tashi. Ni kuwa, da yake na ƙare shekarun aikina ina koyar da nahawu da balaga a Zariya, ban taɓa lissafa kaina cikin waɗanda fi'ili zai iya kayarwa ba, sai da maganar fansho ta kai ni Abuja.

Na shiga jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, daga Rigasa zuwa Idu, na kwana a Kubwa wurin ɗan ƙanena. Da gari ya waye ya ce, "Baffa, za ka yi take along zuwa Berger, daga can ka sake wata." Na tambaye shi mene ne wannan da zan ɗauka, kuma nauyinsa nawa, ya yi dariya cikin ladabi ya ce tasin haɗaka ce, wadda ake cusa mutum huɗu a baya, kuma ita za ta ɗauke ni. Na riƙe wannan a zuciya. Birnin da Janar Murtala ya yanke hukuncin ginawa a 1976, aka karɓe masa suna daga mutanen Suleja, gwamnati ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, ya tara ƙabilun ƙasar nan duka, har ya zama in ka yi sallama a ofis da Turanci ake amsa maka, kuma Turancin nasu ne na kansu.

A ofishin da aka tura ni, wata akawu wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, ba ta kuwa jin Hausa, ta ce, "Baba, take a seat." Sai na yi murmushin masani, domin labarin baƙauyen da aka gaya wa haka ya saɓi kujera ya nufi ƙofa tun muna yara muke jinsa, na gyara babbar rigata na zauna, ina duban sauran masu jira ko akwai wanda ya lura da ƙwarewata. Daga hantsi har aka kusa kiran azahar ina nan, sa'an nan aka fito da fayil ɗina, mai kore-koren bango, an ɗaure shi da zare, gefensa duk ya sha yatsu. Ta buɗe, ta karanta, ta girgiza kai, ta ajiye shi a gabana, ta nuna rufin ɗaki da bironta, ta ce, "You have to take it up with the Director." Wayarta ta yi ƙara, ta juya baya.

To, a nan ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci. Ga fi'ili, ga lamirin da ke komawa kan fayil, ga harafin da ke nuna sama, ga biro ya ƙara tabbatarwa. Malaman usulu kuwa sun ce asalin magana a ɗauke ta bisa haƙiƙa, ba a komawa ga majazi sai da dalili. Saboda haka na sa fayil a hammata na fita. Na'urar hawa bene ba ta aiki, wani ya ce mini "they have taken light", wato an ɗauke wuta, abin da ya faranta mini rai, ganin ga wuri guda da harshensu da namu suka yi ittifaƙi. Na kama matakala, ina hawa ina tasbihi, gwiwoyina suna tuna mini shekarar haihuwata, har hawa na bakwai, inda sakataren Darakta ya ce maigidansa yana "taking a meeting", in jira.

Ban gama mayar da numfashi ba sai ga hayaniya tana hawowa daga ƙasa: akawun nan a gaba, takalmanta a hannu, mai gadi a bayanta, da wani masinja yana haki. Ta nuna ni ta ce, "He took it!" Daga yadda mai gadi ya riƙe hannun rigata na fahimci cewa a wannan karon fi'ilin ya koma babin sata. Na tashi in kare kaina, na fara da bayanin fi'ili da maf'ulinsa, Turancina yana tsinkewa Larabci yana shigowa, har Allah ya sa masinjan Bakatsine ne, ya shiga tsakani. "Malam, a yi haƙuri. Cewa ta yi ka kai kukanka wurin Darakta, da baki ko a rubuce. Fayil ba ya fita daga ɗakin nan sai an sa hannu a littafi, kuma ni nake kai shi." Mai gadi ya sake ni yana cewa "take it easy", alhali kuwa shi ne bai bi a hankali ba.

Muna saukowa ina zargin Turawa da wulaƙanta lugga, sai na tuna namu: mu ne muke cin kasuwa, mu ci bashi, mu ci amana, mu ci sarauta, mu sha iska, mu sha kashi, ba tare da an tauna ko an haɗiye kome ba, kuma lalle Bargery ya sha fama da "ci" kafin ƙamusunsa ya fito a 1934. Da wannan na yi ijtihadi, na kafa wa kaina ƙa'ida sabuwa tun kafin mu kai ƙasa: duk inda mutumin Abuja ya ce "take", majazi yake nufi, hannu ba shi da aiki.

Akawun ta huce, har ta ba ni ruwa. Ta cika wata takarda mai kwafi biyu, fari da ruwan hoda, ta buga hatimi, ta tura su bakin tebur, waya a kunne, ta ce, "Take the white one, Baba. Monday." Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane zurfin magana, na fassara a raina cewa in sa ran farin labari ranar Litinin, na yi godiya, na miƙe hannu rabbana. Ina bakin ƙofa ta ɗaga murya ta ce, "Take care!"

Wannan kuwa ta tsaya mini a rai, domin daren jiya ɗan ƙanena ya cika mini kunne da labarin ɓarayin da ake kira "one chance", masu shigar direba da fasinjoji su kwashe mutum su yi masa ƙarƙaf. Na ce lalle yarinyar nan ta san wani abu. Duk tasin da ta tsaya sai in ga fuskokin cikinta ba su kwanta mini ba, acaɓa kuwa an hana shi a tsakiyar birni tun 2006. Haka na taka da ƙafa, na yi la'asar a Masallacin Ƙasa, na ratsa ta kasuwar Wuse, na isa Berger rana ta yi ja, hulata ta jiƙe sharkaf.

Da dare yaron ya saurari labarin duka, kansa a sunkuye, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce ban kwana kawai ta yi mini, kamar a ce a sauka lafiya. Sa'an nan ya miƙo hannu ya ce, "Baffa, ina farar takardar? Ba a shiga wurin Darakta sai da ita."

Ranar Litinin tun da sassafe ina ofishin. Bakatsinen ya tarbe ni da fara'a, ya ce ai kuwa ya ga takardar, madam ta sa ta a durowa ta kulle don kada ta ɓata. Sai dai ta yi "take leave" na wata guda daga yau, makullin kuwa ɗauka ta haƙiƙa ta yi masa, yana cikin jakarta a hanyar garinsu.